Gane mace da namiji a ranar ƙyanƙyasa ta launin gashi: haɗin ja, haɗin baƙi, ko irin da ke tantance kansa?

Duk wanda ke ƙyanƙyasar ƙwai da kansa ya san cewa kusan rabin 'yan tsakin da za su fito maza ne, kuma a yawancin ire-iren kaji ido ba ya raba su da mata sai bayan makonni huɗu zuwa shida, wani lokaci ma fiye da haka, lokacin da zanko ya fara tasowa kuma ƙafa ta fara kauri. Ga mai neman kajin ƙwai, waɗannan makonni abinci ne da ɗumi da wuri da ake kashewa a kan tsuntsayen da ba za su taɓa yin ƙwai ba. Ilimin gadon launin gashi ya samar da hanyoyi uku na kauce wa wannan jira. Biyu daga ciki haɗi ne tsakanin iri biyu mabambanta, wato haɗin ja da haɗin baƙi, ta ukun kuwa kiwon wani tsantsar iri ne wanda 'yan tsakinsa ke fitowa da bambancin a jikinsu tsara bayan tsara. Dukkansu a kan tushe ɗaya suke, amma abin da kowace ke nema daga mai kiwo ya sha bamban, kuma a nan ne zaɓin yake.

Tushen kuwa shi ne yadda ake gadon zama mace ko namiji a tsuntsaye. Kaza tana da kuromosom (zarurrukan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a cikin jiki) 78, guda 39 daga uba, 39 daga uwa. A wurin ɗan Adam namiji ne ke ɗauke da kuromosom biyu mabambanta, amma a kaji akasin haka ne: a kuromosom ɗin da ke tsara mace da namiji, waɗanda ake kira Z da W, zakara yana da Z biyu, kaza kuma tana da Z ɗaya da W ɗaya. Uwa tana ba 'ya'yanta maza Z ɗinta, tana ba mata W. Saboda haka sagara ba ta samun Z sai daga ubanta kaɗai, ɗan zakara kuwa yana samun ɗaya daga kowane ɓangare. Idan aka sami ƙwayar gadon launi da ke zaune a kan Z, kuma uwa tana ɗauke da nau'inta mai rinjaye, wato wanda ke bayyana idan ya haɗu da kishiyarsa, uba kuma yana ɗauke da marar rinjayen, to 'ya'ya maza za su ɗauko launin uwa, mata su ɗauko na uba. Wanda ya riƙe wannan jimla ya riƙe rabin ilimin.

Launin gashin kaza daga sinadarai biyu yake fitowa, ɗaya mai ba da baƙi, ɗaya mai ba da ja da ruwan ɗorawa. A kan Z akwai ƙwayoyin gado biyu da ke taɓa su ta yadda ake gani tun a gashin tsako. Ta farko ita ce ta azurfa, wadda ke danne jan sinadarin ta bar baƙin yadda yake, kuma tana rinjayar kishiyarta ta zinariya. Masu bincike a Uppsala ta ƙasar Suwidin sun nuna a 2007 cewa canji ne a ƙwayar da ake kira SLC45A2. Ta biyu ita ce ta ratsi, wadda ke katse zubar launi lokaci zuwa lokaci yayin da gashi ke tsirowa, sai a ga fari da baƙi suna bin juna a kwance, kamar yadda ake gani a irin kajin da ake kira Barred Plymouth Rock. Tun 1908 wani masanin aikin gona, W. J. Spillman, ya yi hasashen cewa gadon ratsi yana tafiya tare da gadon mace da namiji, Raymond Pearl da Frank Surface suka gwada hakan a jihar Maine ta Amurka a 1910, amma sai a 2010 aka danganta ratsin da wani yanki na Z da ake kira CDKN2A.

Haɗin ja shi ne ke amfani da azurfa da zinariya. Ana sa jan zakara, galibi Rhode Island Red ko New Hampshire, ya barbari kaza mai azurfa irin su Light Sussex, Delaware ko Silver Laced Wyandotte. 'Yan tsaki mata suna fitowa ja-ja ko ruwan ƙasa mai haske, maza kuma fari-fari mai ɗan ruwan ɗorawa. Fa'idarsa babba ita ce bambancin ya mamaye dukan jiki, don haka ko wanda bai taɓa tantancewa ba zai iya raba kwando guda cikin 'yan mintoci, matuƙar akwai haske mai kyau. Wannan ne ya sa manyan kamfanonin kajin ƙwai suka gina kajinsu masu ruwan ƙasa a kansa. ISA Brown da Lohmann Brown da Hy-Line Brown duk ta launi ake raba su. Farin gashin da ake gani a jela da ƙarƙashin jan gashin waɗannan kaji ba na azurfa ba ne, wata ƙwaya ce daban, ta fari mai rinjaye, wadda ke share baƙi ta bar ja. Bambancin yana da ƙarfi har ana iya gano shi kafin ƙyanƙyasa: bayan Jamus ta haramta kashe 'yan tsaki maza tun daga 1 ga Janairun 2022, ɗaya daga cikin dabarun da aka koma wa ita ce haska ƙwai wajen rana ta 13 daga cikin 21 na kwanci, na'ura ta karanta launin gashin tsakon ta cikin ɓawo. Dabarar ba ta aiki a kan fararen kaji, domin babu launin da za a karanta.

Sai dai haɗin ja yana da sharaɗin da mutane da yawa ke tsallakewa. Azurfa da zinariya ba sa bayyana sai a inda baƙi bai rufe ba, kuma yawan baƙin da ke jikin kaza wata ƙwaya ce ke tsara shi, MC1R, wadda ba a kan Z take ba. Nau'inta mafi rinjaye yana baƙanta tsako gaba ɗaya, ta yadda mai azurfa da mai zinariya za su fito iri ɗaya. Shi ya sa Light Sussex ta dace da wannan aiki: baƙinta ya tattare a wuya da jela da bakin fiffike, sauran jiki ya zama fili da azurfar za ta nuna kanta. Kaza mai zanen gashi mai duhu, kamar Silver Laced Wyandotte, tana ba da 'yan tsaki masu ɗigo da layuka, kuma ko da yake ana iya raba su, dole a duba fuska da ciki da kyau maimakon a yi wa kwando kallo ɗaya.

Haɗin baƙi yana amfani da ratsi. Zakaran da ba shi da ratsi, sau da yawa shi dai Rhode Island Red ɗin, ake haɗawa da kaza Barred Plymouth Rock. A nan baƙin da ya zama cikas a haɗin ja shi ne ke taimako, domin uwar tana ba dukan 'ya'yanta baƙi mai rinjaye, ratsin kuwa maza kaɗai take ba wa. Duk 'yan tsakin baƙaƙe ne, amma maza suna da farin tabo a tsakiyar kai, mata ba su da shi. Idan suka girma, mata su zama baƙaƙe da ɗan ja a wuya da ƙirji, maza su yi ratsi kamar uwarsu. Kajin kamfani irin su Harco da Bovans Black a kan wannan tsari aka gina su.

Idan aka jera biyun, haɗin ja ya fi sauƙin gani, haɗin baƙi ya fi sauƙin haɗawa. Tabon kai ƙarami ne, wani lokaci bai wuce ɗigo ba, kuma dole a ɗauki tsako ɗaya bayan ɗaya a duba bayan gashi ya bushe. Farin da ke maƙogwaro da ciki da bakin fiffike ba shi ne abin dubawa ba, domin mata ma suna da shi. A ɗaya ɓangaren kuma, kaza mai ratsi ba ta iya ɓoye ratsinta, don haka mai kiwo ya san abin da ke hannunsa da ido, kuma kusan kowane zakara marar ratsi zai yi aikin, baƙi ne ko ja. Wanda ba zai yi ba shi ne mai ɗauke da fari mai rinjaye, kamar White Leghorn, domin 'yan tsakinsa farare za su fito, farin tabo kuwa ba ya ganuwa a kan farin kai. Zakara mai launin shuɗin toka yana aiki, sai dai tabon yana disashewa a kan gashi mai haske.

Batun fararen kaji ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan aka fi yin asara. Fari a kaza hanyoyi ne da yawa da ke kai wa kamanni ɗaya. Akwai fari mai rinjaye na Leghorn, wanda aka gano a ƙwayar PMEL17 a 2004. Akwai fari marar rinjaye da ake samu a White Plymouth Rock da White Wyandotte, wanda ke tsayar da yin launi gaba ɗaya idan tsuntsu ya gaje shi daga iyaye biyu. Kowanne daga cikinsu mayafi ne, kuma a ƙarƙashinsa kazar na iya zama mai azurfa ko mai zinariya, mai ratsi ko marar ratsi, baƙa ko ja. Wanda ya sayi farar kaza ya sa mata jan zakara da zaton fari da azurfa abu ɗaya ne, yana iya dacewa, yana kuma iya samun 'yan tsakin da launinsu ba ya faɗin komai game da mace da namiji. Kamfanoni suna amfani da fararen iyaye mata ne saboda sun riga sun tabbatar da azurfar a layinsu, wato zuriyar da suke kiwo. Ƙaramin mai kiwo ba shi da wannan tabbaci sai ya gwada: ya ƙyanƙyashe rukuni ɗaya, ya sa wa kowane tsako alama a ƙafa gwargwadon launinsa, ya jira makonni shida zuwa takwas ya ga ko hasashensa ya yi daidai.

Haɗe-haɗen biyu sun yi tarayya a wasu ƙa'idoji da ba sa lanƙwasuwa. Idan aka juya haɗin, aka sa zakara mai azurfa ko mai ratsi a kan jar kaza, dukan 'ya'ya maza da mata za su ɗauko launin uba, babu abin rabawa. Kuma dabarar tsara ɗaya take yi. Ɗan zakaran da ya fito daga haɗin ja yana ɗauke da azurfa a Z ɗaya da zinariya a ɗayan, 'yar'uwarsa kuma zinariya kaɗai take da ita. Idan aka haɗa su, rabin maza da rabin mata za su fito da azurfa, sauran su fito da zinariya. Haka lissafin yake a haɗin baƙi. Ma'anar wannan a aikace ita ce mai kiwo bai taɓa rabuwa da iyayen asali ba. Ko dai ya riƙa sayen su duk lokacin da suka tsufa, ko ya riƙe akurki uku: ɗaya na tsantsar irin uba, ɗaya na tsantsar irin uwa, ɗaya na haɗin. Abin da ya fi ba da haushi a wannan tsari shi ne, 'yan tsakin tsantsar Rhode Island Red da na Light Sussex su kansu ba sa rabuwa da tabbaci ta launi, don haka matsalar da aka gudu daga gare ta tana nan zaune a akurki biyu daga cikin ukun.

Wannan gibi ne masana ilimin gado Reginald Punnett da Michael Pease suka nemi cikewa a Kambirij ta Ingila. Abin da suka lura da shi shi ne ƙwayar ratsi tana aiki gwargwadon yawanta: zakaran da ke da ita a Z biyu ya fi kazar da ke da ita a Z ɗaya haske. A kan baƙin tsako bambancin kaɗan ne, shi ya sa ake iya yin hasashe a tsantsar Barred Plymouth Rock ta faɗin tabon kai da hasken ƙafa, amma da kuskure mai yawa. Da suka ɗora ratsin a kan gashin tsako mai ruwan ƙasa da layuka a baya, irin na kazar daji, sai bambancin ya fito fili. Mace tana fitowa da layi mai duhu, mai kaifin gefe, daga kai zuwa gindi, da wani siririn layi a gefen ido. Namiji yana fitowa da launi mai haske, layukansa a dusashe, da faffaɗan tabo a ka. Irin farko da suka fitar shi ne Cambar, daga Campine mai zinariya da Barred Plymouth Rock, wanda aka nuna a taron kiwon kaji na duniya a Landan a 1930. Daga baya Legbar ya biyo, daga Brown Leghorn; an amince da mai zinariya a 1945, mai azurfa a 1951, sai Cream Legbar a 1958, wanda ya gaji tukku da shuɗin ƙwai daga kajin ƙasar Chile. Wasu masu kiwo sun bi sahu da Rhodebar da Welbar, a Jamus kuma Gerd Roth ya samar da Bielefelder a shekarun 1970.

Amfanin wannan hanya a bayyane yake: akurki ɗaya, iri ɗaya, kuma kowace tsara tana haifar da wadda za ta gaje ta tare da alamar. Wanda ke son ya dogara da kansa, ya zaɓi iyayen gobe daga cikin 'yan tsakin yau, ba shi da wata hanya ta launi da ta wuce wannan. Amma tana da farashi iri biyu. Na farko, bambancin na haske da duhu ne, ba na launi biyu mabambanta ba, kuma yana lalacewa idan ba a kula da shi ba. A zuriyar da aka shekara ana zaɓen iyaye saboda kyan gashin manya kawai, sai a fara samun maza masu duhu da mata masu haske, har a sami 'yan tsakin da ba a iya yanke musu hukunci. Maganin shi ne a sa alama ga waɗanda suka fi fitowa sarai a ranar ƙyanƙyasa, kuma daga cikinsu kaɗai a ɗauki iyaye. Na biyu shi ne yawan ƙwai. Kajin kamfani masu ruwan ƙasa suna wuce ƙwai 300 a shekara idan an kula da su yadda ya kamata, tsantsar ire-iren nan kuwa ba sa kusantar wannan adadi.

A nan akwai ruɗin da ya kamata a warware, domin yana karkatar da zaɓin mutane da yawa. Ƙwai 300 ɗin ba daga launi suke fitowa ba, kuma ba daga haɗin kansa kaɗai ba. Sakamako ne na shekaru masu yawa da kamfanoni suka yi suna tace layukan kakanni, yawanci huɗu, kafin a haɗa su. Wanda ya haɗa Rhode Island Red da Light Sussex na gida zai sami sauƙin tantancewa, zai kuma sami ɗan ƙarin ƙarfi da juriya da ruwa biyu ke zuwa da shi, amma 'ya'yan ba za su yi nisa da abin da iyayensu ke iya yi ba. Don haka a ganina kwatancen gaskiya ga ƙaramin mai kiwo ba tsakanin Legbar da ISA Brown yake ba. Tsakanin Legbar da haɗin da zai iya yi da kajin da ke hannunsa yake, kuma a wannan ma'auni tazarar ƙwan ta ragu ƙwarai, nauyin riƙe akurki uku kuma ya ƙara fitowa. Wanda ƙwai kaɗai yake nema don sayarwa, kuma ba ya damuwa da sayen sababbin 'yan tsaki duk zagaye, ya fi masa ya sayi matan kamfani da aka riga aka raba, ya bar batun haɗi ga masu shi.

Akwai hanyoyin da ba na launi ba, kuma ambatonsu a taƙaice ya isa. Duba dubura, wanda Kiyoshi Masui da Juro Hashimoto na Japan suka yaɗa a farkon shekarun 1930, yana aiki a kan kowane iri, amma sana'a ce da ke buƙatar dogon horo, kuma hannun da bai ƙware ba yana iya raunata tsako. Duba tsawon gashin fiffike kuwa shi ma gadon Z ne, inda jinkirin tsirowar gashi ke rinjayar saurinsa, don haka yana bin ƙa'idojin haɗi sak: uba mai sauri, uwa mai jinkiri, tsara ɗaya. Shi ne mafitar masu fararen kaji, amma kwana ɗaya zuwa uku kawai alamar take yi kafin ta rikice.

Abin da zakarun za su zama shi ma yana da nauyi a zaɓin. Mazan haɗin ja suna girma da farin gashi galibi, kuma bayan an fige su fatarsu ta fi tsabtar gani, domin tushen baƙin gashi yana barin ɗigo a fata. Mazan haɗin baƙi daga Plymouth Rock suna da jiki mai kyau. Legbar kuwa jinin Leghorn ne, marar nauyi, mai zafin nama da son tashi, kuma zakarunsa ba su da tsoka sosai. Wanda ke son irin da ke tantance kansa kuma yana son nama, Bielefelder ko Rhodebar ne suka fi dacewa da shi, tare da sanin cewa babban jiki ya fi cin abinci. Wanda ya riga yana da kaji masu ratsi a hannu ba ya buƙatar komai sai jan zakara ɗaya, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa haɗin baƙi ya zama mafi arhar gwaji.

Wanda ya zaɓi irin da ke tantance kansa zai wayi gari wata rana yana buƙatar sabon jini, domin ƙaramin garke da ke auren junansa yana raguwa a ƙyanƙyasa da ƙarfi, kuma waɗannan ire-iren ba su da yawa a duniya. Idan babu wata zuriya ta irin, ana iya shigo da jini daga waje ba tare da an rasa alamar ba, amma ta ƙofa ɗaya. Ana sa tsantsar zakaran irin, mai ratsi a Z biyu, a kan kazar waje. 'Ya'ya mata za su gaji ratsin cikakke daga uba, kamar kowace tsantsar kaza ta irin. 'Ya'ya maza kuwa ratsi ɗaya kawai suke da shi, don haka a ranar ƙyanƙyasa za su yi kama da mata, kuma bai kamata ko ɗaya daga cikinsu ya zama uba ba. Idan aka mayar da matan ga tsantsar zakara, duk mazan tsara ta biyu za su dawo da ratsi biyu. Sauran aikin ya danganta da launin kazar da aka shigo da ita: idan Brown Leghorn ce aka kawo wa Legbar, gashin tsakon mai layuka bai taɓu ba, domin daga can aka samo shi tun farko, amma idan baƙa ce, rabin jikokinta za su ci gaba da fitowa baƙaƙe, kuma sai an riƙa ware su tun daga kwandon ƙyanƙyasa kafin layukan baya su sake zama abin dogaro.